Karatun Injiniyan Lantarki: Ƙofar Shiga da Abin da Ke Bayanta

A gidajenmu da yawa, idan yaro ya cika kwance rediyo da tocila yana haɗa waya da batir, akan ce wannan injiniya ne. Sha'awar abin so ce, amma ita kaɗai ba ta buɗe ƙofar jami'a. Kowace shekara, bayan fitar sakamakon bak, iyaye kan kama yawo da takardun ƴaƴansu daga ofis zuwa ofis, sai a lokacin su ji cewa hanyar da suke nema tun shekaru uku da suka wuce aka rabu da ita. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka muka ga ya dace mu shimfiɗa wa iyaye da ɗalibai sharuɗɗan shiga wannan fanni da darussan da ke cikinsa, tun da sauran lokaci.

Bukatar ƙasa a fili take

A watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, birane suka shiga duhu, sana'o'i suka tsaya, har zuwa watan Maris na 2024 da aka maido ta. Wannan ya tuna mana cewa wuta mai yawa da Nigelec ke rabawa daga ƙetare take zuwa, ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da wanda ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A cikin gida akwai tashar gawayi ta Sonichar a Anu Araren, da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023. Ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni Dioffo, masanin makamashin rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ta cancanci ta sami ƴaƴanta masu tsara waɗannan tashoshi da kula da su.

Mataki uku ne, kada a haɗa su

Akwai mai gyaran wuta, wanda ke ja wa gida waya, ya kafa fanka da fitila. Sana'arsa a cibiyar koyon sana'a ko wurin maigida ake samunta. Akwai babban ma'aikacin fasaha, mai diploma ta BTS ko DUT, shekara biyu bayan bak. Shi ke kula da injuna, ya gano inda suka lalace. Sai injiniya, wanda ke zama ya lissafta kaurin wayar da za ta ɗauki wutar unguwa guda, da girman taransifomar da asibiti ke bukata, ya sa hannu a takarda, ya ɗauki alhakin rayukan da ke ƙarƙashin aikinsa. A tsarin Faransanci digiri na farko, wato lisans, shekara uku ne, diplomar injiniya kuwa shekara biyar bayan bak. Kowane mataki halal ne kuma yana ci da gida, amma ya kamata iyali su san wanda suke biya wa kuɗi.

Inda hanya ke rabuwa

Hukuncin farko ana yanke shi ne bayan birbe, lokacin da ɗalibi zai shiga lise. Wanda ya shiga sashen A, na adabi da harsuna, ya riga ya juya wa wannan fanni baya. Wanda ya shiga sashen kimiyya, daga baya zai zaɓi C ko D. Sashen C shi ne wanda lissafi da fizik suka fi nauyin maki a cikinsa, kuma shi ne miƙaƙƙiyar hanya. Ɗan sashen D ma ana karɓarsa, sai dai makinsa na lissafi da fizik su ake fara dubawa. Akwai kuma hanyar lise ta fasaha, kamar Ɗan Kasawa ta Maraɗi, da sashen E na lissafi da fasaha da F3 na aikin lantarki. Waɗannan kan zo da hannu da ya saba da kayan aiki.

Muna jan hankalin iyaye: cin bak kawai bai wadatar ba. Makarantu kan nemi takardar makin jarrabawar, wasu har da sakamakon shekarun lise. Yaron da ya haye da taimakon makin tarihi da falsafa, alhali lissafinsa na ƙasa, zai sha wuya ko da an ɗauke shi.

A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, wadda ke da sashen lantarki, kuma da gasar shiga ake tace masu nemanta. A Maraɗi jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana koyar da fannin. A Wagadugu akwai 2iE, mai karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da yawa. Mai neman tallafin karatu na gwamnati, hukumar ANAB ce ke da alhakinsa. Kowace makaranta tana fitar da sanarwarta da ranar rufe karɓar takardu. A shirya takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da kofen diploma da aka buga wa hatimi tun kafin ranar ta matso.

Idan za a tsallaka Najeriya

Iyalai da yawa na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni kan dubi jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero ta Kano, saboda kusanci da zumunta. A can digirin injiniya shekara biyar ne. Ɗan ƙasar yana bukatar kyakkyawan sakamako a darussa biyar na kammala sakandare, cikinsu da Ingilishi da lissafi da fizik da shimi, sannan ya zauna jarrabawar hukumar JAMB a waɗannan huɗun. A shekara ta huɗu ɗalibi kan yi wata shida yana horon aiki a masana'anta. Wanda ya zo da bak, sai jami'a ta kimanta takardarsa ta ga matakin da za ta sa shi. Babban shinge shi ne harshe: Hausa za ta kai shi kasuwa da masauki, amma darasi da littafi da jarrabawa duka da Ingilishi ne. Watannin da aka kashe wajen koyon harshen kafin tafiya ba asara ba ne.

Abin da ke cikin karatun

A tsarin LMD lisans zango shida ne, kowane zango da maki 30 na darussa, jimla 180. Shekarar farko takan ba sababbin ɗalibai mamaki, domin alli da allo sun fi waya yawa: lissafi mai zurfi, fizik, zanen fasaha, da rubuta umarnin kwamfuta. Dalilin haka shi ne wuta ba a ganinta da ido, da lissafi ake bin sawunta. Wutar gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma akan yi lissafin irin wannan da lambobin nan masu sarƙaƙiya da ake fara koyarwa a ajin ƙarshe na lise.

Ga misali guda. Me ya sa ake ɗaga ƙarfin wuta zuwa bolt 132,000 a layin Birnin Kebbi, alhali gida 220 yake bukata? Domin wutar da ke ɓacewa a hanya, ta zama zafi cikin waya, tana bin yawan kwararar ne ninki kan ninki. Idan aka ninka bolt sau biyu, kwarara ta ragu da rabi, asara kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Yaron da irin wannan bayani ya faranta masa rai, ya nemi ƙari, shi ne ɗan wannan fanni.

A shekara ta biyu ake shiga zuciyar karatun: da'irorin lantarki, maganaɗisu, elektoronik, awo da kayan awo, injunan da ke juya wuta ta zama motsi da masu juya motsi ya zama wuta. A ta uku sai samar da wuta da jigilarta da rabonta, sarrafa injuna su yi aiki da kansu, makamashin rana, da dokokin kariya daga haɗari. Kowane darasi yana da aikin ɗakin gwaji, kuma ana rufewa da horon aiki da kundin da ɗalibi zai kare a gaban malamai. Darussan sarƙa ce: wanda ya bar bashin lissafi a zangon farko zai tarar da shi yana jiransa a kowane zango.

Shawara ga gida

Kafin a biya ko dala, a tambayi makaranta, musamman mai zaman kanta: shin gwamnati ta amince da diplomarta? Shin hukumar CAMES ta san da ita? A Najeriya kuma a tabbatar NUC da COREN sun amince da sashen. A nemi ganin ɗakin gwaji da ido. Makarantar lantarki da ba ta da injin da ɗalibi zai taɓa, takarda kawai take sayarwa. Idan akwai ɗan abin da za a kashe wa ƙarin darasi, a kashe shi kan lissafi tun yaro yana kolej. Kada kuma a cire ƴaƴa mata daga wannan lissafi; yarinyar da ta fi ajinta maki a fizik ta cika sharaɗin da namiji zai cika. Wanda makinsa bai kai ba a bana, BTS hanya ce mai mutunci, kuma ana iya ɗorawa daga kanta.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.