Karatun Kimiyya ga 'Ya'ya Mata a Ƙasar Yauri: Wace Magana Ce Gaskiya, Wace Ce Ƙarya?

Idan yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, akan tambaye ta ajin da za ta shiga: na kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. A ƙa'ida zaɓinta ne da na malamanta. Amma a Yelwa da Wara da Shanga da tungayen bakin tafkin Kainji, sau da yawa an riga an yanke hukuncin a zaure, ko wurin suna, ko cikin jirgin ruwa ranar kasuwa, bisa maganganun da kowa ya ji amma ba a cika bin diddiginsu ba. Wasunsu gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina su bai san abin da iyaye suka gani ba. Wasu kuwa ba su da tushe. An cuɗa su ne wuri ɗaya, har na ƙaryar suka samu mafaka a bayan na gaskiyar.

Mafi nauyinsu ita ce maganar tsaro. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwashi ɗalibai maza da mata da malamai. An riƙa sako su kashi-kashi, amma 'yan mata 11 suka rage a daji kusan shekara biyu, sai a 2023 na ƙarshensu suka dawo gida, bayan iyaye sun sayar da kadarori sun yi ta neman taimakon jama'a. A Nuwamban 2025 kuma aka sake ɗauke 'yan mata a makarantar Maga, can ƙasar Zuru. Uban da ya ce gabansa na faɗuwa idan aka ambaci makarantar kwana, gaskiya ya faɗa, kuma ba jahilci ke damunsa ba. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, makarantun da suka fi kayan koyar da kimiyya galibi na kwana ne, don haka tsoron ya fi cin ajin kimiyya. Inda maganar ke kaucewa shi ne a ce tunda haka ne, yarinya ta haƙura da fannin gaba ɗaya. Ɓarayin daji ba su tambayi kowa ajin da take ba. Abin da ya dace a matsa wa gwamnati lamba a kai shi ne katanga da masu gadi a makarantun kwana, da kuma kayan gwaji da malamai a makarantun jeka-ka-dawo na cikin gari, domin wadda iyayenta suka ƙi kwana ta samu abin da take nema tana kwana a ɗakin mahaifiyarta.

Ana kuma cewa ko an sa ta a ajin, babu kayan aiki. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Jarabawar kemistiri ta WAEC da NECO tana da ɓangaren gwaji da hannu. Ɗaliba za ta cika dogon bututun gilashi mai lambobi da ruwan asid, ta riƙa sakinsa ɗigo-ɗigo cikin kwalbar da ke ƙasa tana jujjuya ta, idonta a kan launin ruwan, har ya tashi daga ɗorawa ya fara ja, nan take ta rufe famfon ta karanta lamba. Wadda ta saba, hannunta ba ya rawa. Wadda ba ta taɓa riƙe bututun ba sai ana saura mako ɗaya jarabawa, za ta zarce, lambar ta ɓaci. Idan sakamako ya fito sai a ce ai dama kan mace ba ya ɗaukar irin wannan karatu, alhali yaron da ke gefenta shi ma haka ya faɗi, ba wanda ya ce kan maza ne bai ɗauka ba.

Maganar ƙwaƙwalwa ƙarya ce. Rahoton kimiyya na hukumar UNESCO na 2021 ya nuna cewa a Aljeriya kusan rabin masu kammala karatun injiniya mata ne, a Tunisiya da Maroko sun haura kashi 40 cikin 100, yayin da a Amurka wajen ɗaya cikin biyar ne kawai. Da halitta ce ke hanawa, da ba a ga wannan bambanci tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Mace ta farko da ta ci lambar Fields, wadda masana lissafi ke ɗauka mafi daraja a fanninsu, 'yar Iran ce, Maryam Mirzakhani, a 2014. Ban da Amurka, na ambaci waɗannan ƙasashe da gangan, domin ƙasashen Musulmi ne, sun kuma isa amsa ga mai cewa addini ne ya hana. Tun fiye da shekara 200 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa kuwa, ya sani cewa ungozoma da nas ba sa samun gurbin karatu sai da kiredit a bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi da Turanci. Daga ajin kimiyya suke fitowa.

Akwai wata magana da aka fi yin ta ƙasa-ƙasa tsakanin mata: wai sinadaran ɗakin gwaji da na'urar ɗaukar hoton ƙashi suna kashe mahaifa. Sinadaran da ake ba 'yan sakandare tsarmammu ne, ba su da alaƙa da haihuwa. Ma'aikatan ɗaukar hoto a asibiti kuma suna tsayawa bayan kariya, suna maƙala ɗan ma'auni a riga da ke lissafa hasken da ya taɓa su, mai juna biyu kuma akan ƙara mata kariya. Abin da yake taɓa haihuwar mata da gaske a bakin tafkin Kainji yana cikin ruwan da yarinya ke shiga wanki da wanke-wanke kullum. Tsargiya ce, wadda tsutsarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata. Mun fi saninta da fitsarin jini a yara maza, amma a jikin mace ƙwayayenta kan maƙale a mahaifa da hanyoyinta, su jawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci ciki a wajen mahaifa ko rashin haihuwa. Sau da yawa akan ɗauke ta ciwon sanyi, a yi ta shan maganin da ba nata ba, ga kunya da zargi. Mai gano ta ita ce ma'aikaciyar da ta iya duba fitsari a madubin hangen ƙwayoyin cuta, da nas ɗin da mace za ta iya buɗe wa cikinta. Haka batun zinari. A inda ake haƙarsa a wannan yanki ana wanke shi da zaiba, wadda tururinta guba ne ga mai ciki da ɗan tayinta. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Matan da suka niƙa dutsen nan ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

Batun aure rabi da rabi ne. Likitanci shekara shida ne, da shekarar sanin makamar aiki, da ta bautar ƙasa, ban da yajin aiki. Na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Amma kimiyya ba likitanci ba ce kawai. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, karatun ma'aikaciyar lafiyar al'umma uku. Jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi da ta aikin gona ta Zuru ba su hana matar aure zama a aji ba, hukumar bautar ƙasa kuma tana barin matar aure ta yi hidimarta a jihar da mijinta yake.

Sai masu cewa ko ta gama ba aikin yi a nan. Rashin aiki gaskiya ne, ya kuma shafi maza da mata. Amma a duba abin da ke gabanmu. An gama madatsar Kainji a 1968, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga gungunansu da garuruwansu, Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tun daga lokacin wannan tafki yake ciyar da masu bincike. A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi ta ƙasa, da kwalejin tarayya ta koyon fasahar kifi. Wa ke sarrafa kifin da Sarkawa ke kamowa? Mata ne. Su ke feɗe tarwaɗa da kurungu da karfasa, su jera a kan waya, su zauna gaban banda idanu na hawaye, suna juya kifin kada ya ƙone, kada kuma ya yi ɗanye ƙwari su cinye shi kafin ranar kasuwar Yelwa. Wasu 'yan kasuwa har maganin ƙwari suke yayyafa masa, abin da ke cutar da mai ci. Yawan zafin da kifi ke buƙata, da irin murhun da ke rage hayaƙi da itace, da yadda za a adana albasa kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi, duk karatu ne da ake koyarwa, kuma 'yar mai banda ta fi kowa sanin inda asarar take. Ga masana'antar tumatir ta GB Foods a Ngaski, ga kamfanonin shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, kowannensu na buƙatar mai gwada inganci. Masarautar Yauri, wadda sarkinta, Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta, bai kamata a ce sai an ɗauko mata waɗannan ma'aikata daga nesa ba.

A kan tallafin kuɗi kuma akwai shiri biyu, kowanne ana ƙari a zancensa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga. Na sakandare ne: gyaran ajujuwa da banɗaki, koyar da kwamfuta, da ɗan tallafi ga gidaje marasa ƙarfi. Ba ya biyan kuɗin jami'a. Kuma rance ne da ƙasa za ta biya, don haka iyaye na da haƙƙin tambayar shugabar makaranta me aka kawo, me kuma ake koya wa 'ya'yansu a ƙarƙashinsa. Na gaba da sakandare shi ne NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati, shi ma bashi ne, amma marar ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Babu ɗayansu da ake nema ta hanyar tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, don haka saƙon WhatsApp da ya ce a biya kuɗin fom kafin a sa sunan yarinya, na 'yan damfara ne.