Yadda motsin hannu ke taimaka wa likitoci gane nau'in farfaɗiya

Farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce, kuma maganin da ya dace da wani nau'i kan iya tsananta wani. Shi ya sa likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kan tambayi yadda hannayen majinyaci suka yi lokacin da ciwon ya tashi.

Idan hannu ɗaya ya sandare ko ya riƙa fizga, galibi ciwon ya faro ne daga ɗaya gefen ƙwaƙwalwa, domin ɓangaren hagu ne ke sarrafa hannun dama. Idan kuwa hannayen matashi biyu ke fizga da sassafe har kofin shayi ya suɓuce masa, wannan nau'i ne daban, wanda maganin carbamazepine kan ƙara wa tsanani.

Ido kaɗai kan yi kuskure. Don haka masu bincike a birnin Melbourne na Ostireliya suka auna motsin da wata na'ura da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Sun gano cewa a farfaɗiya saurin fizgar yakan sauya, yana raguwa kafin ya tsaya, amma a jijjigar da matsananciyar damuwa ke haddasawa, saurin kan ci gaba yadda ya fara. Irin wannan jijjiga ba ta jin maganin farfaɗiya.

Na'urar ba ta wadata a Najeriya ba tukuna. Sai dai bidiyon da 'yan uwa suka ɗauka da waya, ba tare da danne hannayen majinyacin ba, kan nuna wa likita abin da bai gani ba.