Yadda matuƙan manyan jiragen ruwa ke gane hanya a tsakiyar teku

Injin ban-ruwan da manomin albasa ke tayarwa a Andarai ko Aliero, da babur ɗin da ake saya a kasuwar Jega, galibinsu sai da suka shafe makonni a teku kafin a sauke su a tashar Apapa da ke Legas. Duk tsawon tafiyar, akwai jami'in da ke tsaye a ɗakin tuƙi, ya yi awa huɗu ya huta takwas.

A da, taswirar takarda da fensir ne kayan aikinsa. Yanzu allon kwamfuta ne mai suna ECDIS, wanda hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta wajabta wa manyan jirage daki-daki daga 2012 zuwa 2018. GPS na nuna inda jirgin yake, rada na hango abin da ke gaba ko da cikin hazo, na'urar AIS kuma na faɗin sunan jirgin da ke kusa da gudunsa da inda ya dosa.

Sai dai na'ura na iya yin ƙarya ba tare da ta nuna alama sosai ba. A watan Yunin 1995, jirgin fasinja Royal Majesty ya taso daga Bamuda zuwa Boston a Amurka da mutum fiye da 1,500. Wayar eriyar GPS ɗinsa ta cire, na'urar ta koma kintace, jirgin kuma ya ci gaba da bin abin da take faɗa. Jami'an ba su gwada lissafinta da wata na'urar ba, har ya kauce hanya da mil 17 ya kafe a yashi. Allah ya sa ba a rasa rai ba.

Shi ya sa har yau dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ke tilasta wa kowane jirgi sa ido da kunne, komai kyan allonsa.

Matsalar yanzu ta fi ta wayar da ta cire, domin da gangan ake yi. A Bahar Maliya da Tekun Fasha ana dagula siginar GPS, har allo ya nuna jirgi a kan tudu. A nan jami'i kan koma auna nisansa daga gaɓa da rada. Kwalejin sojan ruwan Amurka ma ta dawo da darasin gane hanya da taurari a 2015.