Dokar Amfani da Ƙasa da Cinikin Gidaje a Mubi

Mutumin da ya sayi gida a Lokuwa ko Sabon Layi a garin Mubi, Jihar Adamawa, yakan ɗauka cewa da ginin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa duk sun zama nasa har abada. A idon doka kuwa, abin da ya saya shi ne ginin da kuma haƙƙin zama a kan filin.

Tushen wannan al'amari shi ne Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Ga mutanen Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, shekara guda bayan Mubi ta shigo Nijeriya cikin Lardin Sardauna, kusan haka ta tanada.

A yankunan da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda bisa al'ada wa'adinta shekara 99 ne ga gidan zama. Wa'adin ba ya komawa sabo don an yi ciniki. Wanda ya sayi gidan da aka yi wa takarda a 1985, ragowar shekarun kawai zai gada, tare da harajin filin.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 22, wanda ya hana sayarwa ko jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna, yayin da sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke cewa sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka riƙi filayensu tun kafin dokar. Ke nan gidan gado ma bai tsira ba.

Neman amincewar kan buƙaci aikin safiyo, biyan kuɗin kan sarki da na rajista, da kai takardu Yola. Saboda haka mutane da dama sun gwammace a kira dillali, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu, a biya la'ada, a watse. Wannan hanya tana da sauri, kuma maƙwabta suna girmama ta, amma banki ba ya karɓar irin wannan takarda jingina. Ɗan kasuwar da ke da gida mai daraja a gari mai babbar kasuwar shanu kamar Mubi sai ya kasa cin bashi da shi, kuma mai saye daga nesa kan rage tayi don tsoron rikici. Haka nan idan gwamnati ta karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar gini da amfanin gona take biya, ban da darajar ƙasar kanta.

An sha yunƙurin gyara. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kulle dokar, ba a taɓa ta sai da amincewar majalisun tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. A Ingila, inda gajeren wa'adi ke karya farashin gida, majalisa ta zartar da doka a 2024 wadda ta tanadi tsawaita wa'adin zuwa shekara 990.