Kalmomi 650 a Ƙofar Jami'ar Amurka

Ɗalibin da ya saba da JAMB, inda maki ne ke yi wa mutum magana, yakan sha mamaki idan ya nemi gurbi a jami'o'in Amurka. Bayan sakamakon jarrabawa da wasiƙun malamai, sai a ce ya rubuta labarin kansa. Tsarin Common Application, wanda kwalejoji 15 suka fara a 1975, yau kuma sama da 1,000 ke amfani da shi, ya ƙayyade tsawon rubutun: kada ya gaza kalmomi 250, kada ya haura 650. Wasu jami'o'in, irin su Harvard da MIT, sukan haɗa mai nema da wani tsohon ɗalibinsu, su yi hira ido da ido ko ta bidiyo, daga bisani ya aika musu rahoto.

Asalin wannan al'ada ba shi da daɗin ji. A 1922, Yahudawa sun haura kashi ɗaya cikin biyar na sababbin ɗaliban Harvard, domin suna cin jarrabawar shiga. Shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya so a rage su. Da ƙayyade adadinsu a fili ya jawo surutu, sai aka koma auna "hali" ta hanyar hira, wasiƙun shaida da rubutu a kan kai. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa The Chosen na 2005.

Yau manufar ta sauya, jami'o'i na cewa suna son ganin mutumin da ke bayan maki. Niyya ce mai kyau, amma talaka bai tsira ba. A 2021, masu bincike na Jami'ar Stanford sun nazarci rubuce-rubuce 240,000 na ɗalibai 60,000 da suka nemi shiga Jami'ar Kalifoniya, suka gano cewa abin da ɗalibi ke rubutawa ya fi makin jarrabawar SAT nuna ƙarfin aljihun gidansu. Ɗan mai hali yana da wanda ake biya ya yi ta gyara masa rubutu. Ɗan talaka sai dai malamin da aji ya yi wa yawa, idan ma ya samu lokacinsa.

Duk da haka nauyin rubutun ƙaruwa ya yi. A Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ba da gurbi, amma Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bar ƙofa: ɗalibi na iya bayyana yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa, jami'a kuma ta yi la'akari da hakan. Sai ga manhajoji irin su ChatGPT sun rikita lissafi, har Jami'ar Duke ta daina bai wa rubutun maki a 2024, ko da yake tana karanta shi.

Ga yaron Kano ko Zariya akwai wani cikas na daban. An rene shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, an hana shi haɗa ido da babba, ga shi kuma mai hira yana jira ya buɗe baki. Amma ba kirari ake nema ba. Yarinyar da ta bayyana yadda take riƙe wa mahaifiyarta littafin adashi, da yadda ta gano kuskuren da ya kusa raba maƙwabta biyu, ta nuna ƙwarewa a lissafi da riƙon amana ba tare da ta ambaci ko ɗaya ba. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba masu nema shawara kan wannan, kuma da yake wa'adin farko na jami'o'i da yawa kan faɗo 1 ga Nuwamba, tun cikin damina ya kamata a fara zayyanawa.