KARKARWAR KAN BABUR: HANNU YA MUTU, MADUBI YA DUSHE

Daga Yamai zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Maraɗi, babur ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai ɗan kasuwa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda gidan likita, shi ne kuma gonar dubban ƴan kabu-kabu da ke ciyar da iyalinsu daga abin da suka samu a bisa sirdi. Sai dai duk wanda ya yini da ƙahon babur a hannunsa ya san wata wahala da ba a cika zancenta ba. Da marece ya yi, yatsu sun mutu, tafin hannu yana zuga kamar tururuwa na yawo a ciki, madubi kuwa tun safe rawa yake yi, har mutum ba ya iya rarrabe fitilar babbar mota da ta ɗan'uwansa mai babur. Da yawa sun ɗauka haka Allah ya yi babur. Alhali mafi yawan wannan karkarwa tana da sanadi, kuma tana da magani mai sauƙin kuɗi.

Inda karkarwar take fitowa

Baburan da suka cika hanyoyin Nijar, na Sin da na Indiya, irin su Haojue da Bajaj Boxer da TVS, injinsu mai fistan guda ne, daga sisi 100 zuwa 150. Da yawa daga cikin na Sin an ɗauko fasalin injinsu ne daga Honda CG125, wanda ya fito a 1975. Fistan guda yana hawa yana sauka ba tare da wani abokin da zai tare masa nauyi ba. Idan inji na juyi 6.000 cikin minti ɗaya, to fistan ya hau ya sauka sau 100 ke nan cikin daƙiƙa guda. Kowane bugu yana bin ƙarfen jikin babur ya haura zuwa ƙaho, wanda bututu ne dogo marar nauyi, bakinsa kuma a sake yake. Shi ya sa girgizar ta fi tsanani a ƙarshensa, daidai inda hannu da madubi suke. Manyan babura masu tsada suna da wani sandan ƙarfe cikin inji da ke juyawa don kashe wannan bugu, amma ƙananan injuna masu araha galibi ba su da shi.

Wata karkarwar kuma daga ƙafa take. Tayar babur mai inci 18 tana cin kusan mita 1,9 a kowane juyi, saboda haka a gudun kilomita 60 cikin awa tana juyawa kamar sau 9 a daƙiƙa. In ƙarfen da taya ke zaune a kai ya lanƙwashe a rami, ko wayoyin ƙafa sun saki, ko taya ba ta zauna daidai ba, ko faci ya taru a gefe guda, to sau 9 ɗin nan ƙaho zai riƙa tsalle.

Rarrabe su ba wuya. A wuri marar cunkoso, mai babur ya ɗauki gudu, sa'an nan ya riƙe kuloci ya saki totur. In karkarwar ta ɗauke nan take, daga inji take. In ta ci gaba har sai gudu ya ragu, a dubi ƙafafu. Wannan ɗan gwaji yana hana mutum biyan kuɗin buɗe inji alhali laifin na taya ne.

Abin da take yi wa jiki

Likitoci sun daɗe da sanin cutar girgiza. A 1911 wani likitan Italiya, Giovanni Loriga, ya bayyana yadda yatsun masu aiki da injin fasa dutse ke yin fari suna mutuwa. A 1918 likita Alice Hamilton ta tarar da haka a wurin masu sassaƙa dutse a jihar Indiana ta Amurka. Girgiza mai ɗorewa tana lalata ƙananan jijiyoyin jini da na ji a yatsu. Farkonta mutuwar yatsu ce da ke wucewa bayan an huta. In shekaru suka yi yawa, sai ta zauna: mutum ya kasa ɗaura maɓallin riga, ya kasa tsintar kuɗin ƙarfe daga ƙasa, ƙarfin damƙarsa ya ragu, sanyin hunturu kuma ya riƙa tayar masa da ciwon. Tarayyar Turai ta ɗauki abin da muhimmanci har ta kafa doka a 2002 da ke iyakance yawan girgizar da hannun ma'aikaci zai sha cikin awa 8 na aiki. Ɗan kabu-kabu kuwa sau da yawa yakan zarce awa 8, kuma da wannan hannu ne zai damƙe birki ranar da yaro ya faɗo hanya.

Madubin da ba ya nuna komai

A Nijar ana tuƙi ne a hannun dama, mai wucewa kuma ta hagu yake fitowa, don haka madubin hagu shi ne idon ƙeyar mai babur. A ɗauki misali a babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Maraɗi da Tasawa. Babur na tafiya kilomita 50 cikin awa, babbar mota na biye da shi a 90. Tana cin tazarar da ke tsakaninsu mita 11 a kowace daƙiƙa, wato mita 100 cikin daƙiƙa 9. Wanda madubinsa ke rawa dole ya waiwaya, kuma waiwayen daƙiƙa 2 a wannan gudu tafiyar kusan mita 28 ce ba tare da ganin gaba ba. Cikin mita 28 akwai wurin rami, akwai wurin akuya, akwai wurin amalanke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1,19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Duk da haka akwai samarin da ke kwance madubi su ajiye gida don a cewarsu yana ɓata kwalliya.

Gyara daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Aikin farko na sifana ne. Hanyar jar ƙasa mai ƙunya-ƙunya tana kwance noti sannu a hankali, musamman waɗanda ke riƙe inji da jikin babur, da na salansa, da na maɗaurin ƙaho. Injin da notinsa ya saki yana ninka girgizarsa. Bayan nan sai sarƙa: kada ta yi tauri kamar tsirkiyar baka. A yawancin ƙananan babura ana barin ta da sassaucin santimita 2 zuwa 3, a riƙa sa mata mai, in haƙoran faifanta sun yi tsini a canja su tare da ita.

Sai inji kansa. Buji da ya tsufa, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, bawul da ba a daidaita ba, da esansin kwalba mai datti ko gauraye, duk suna sa wuta ta riƙa kamawa ba daidai ba, inji ya riƙa tuntuɓe. Makanike nagari yakan gama waɗannan cikin ɗan lokaci. A ƙafa kuma, a ɗaga gaban babur a juya taya a ga ko tana layi, a girgiza ta a ji ko boris ya ci, a juya ƙaho dama da hagu a ji ko yana sarƙewa. Iskar taya a bi adadin da kamfani ya rubuta, domin tayar da aka cika fiye da kima tana miƙa wa hannu kowane tsakuwa.

In an gama waɗannan, sauran karkarwar halin injin ce, ita kuma nauyi ke kwantar da ita. Ana ɗaura ɗan dunƙulen ƙarfe a bakin ƙaho ta kowane gefe, nauyinsu ɗaya. Wanda bai samu ba yana iya cika bututun da busasshen yashi tankaɗaɗɗe ya toshe bakin da kyau. Sharaɗi guda ne ba a wasa da shi: bayan aikin a murɗa totur a saki, a tabbata yana komawa da kansa. Robar riƙo mai laushi da safar hannu suna ƙara sauƙi. In babur yana da roba a maɗaurin ƙaho, a canja ta idan ta bushe ta tsage. Ƙahon da ya lanƙwashe a faɗuwa a sake shi, domin wanda aka miƙe ko aka yi wa walda yana iya karyewa ana cikin gudu.

Madubi kuwa, gajeren wuya mai kauri ya fi dogo siriri tsayuwa. A ɗaure notin gindinsa, a sa ƴar roba a ƙarƙashinsa, in gilashin ne ke motsi cikin gidansa a liƙe shi. A kula, a baburan Yamaha da yawa madubin dama baibai ake ɗaure shi, wanda bai sani ba sai ya cinye haƙoran. Masu liƙa wayar salula a ƙaho su ma su sani cewa kamfanin Apple ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar babur tana iya lalata kyamarar iPhone.

Saura halin mai tuƙi. Damƙe ƙaho da ƙarfi yana buɗe wa girgiza hanya zuwa cikin ƙashi, riƙon sassauci da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe ya fi. A sa babbar giya da wuri maimakon barin inji yana kururuwa a ƙarama, kuma a doguwar tafiya a tsaya lokaci zuwa lokaci a miƙe yatsu. Wanda mutuwar yatsu ke tashinsa daga barci, ko ta kwana ba ta sake shi ba, ya tafi ya ga likita tun abin bai zauna ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kuɗin ɗaure noti bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon likita ba.