Abin da ya sa imel ɗin ofis ke ɓacewa a hanya, da aikin dillalin saƙo

A ce wani kamfanin sayen riɗi da zoɓo a Sundimina, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, ya kafa babbar kwamfutar da ake kira saba domin adana lissafinsa. Duk lokacin da aka auna kaya, manhajar da ke cikinta kan tura takardar neman biya ta imel zuwa ga mai saye a Legas. A allon kwamfuta komai ya tafi daidai, amma can a Legas ba abin da ya iso, ko kuma saƙon ya faɗa akwatin tarkace, inda ba mai leƙawa. Kuɗi su maƙale, zargi ya shiga tsakani.

Tushen matsalar shi ne ba a san mai aikowar ba. Ƙa'idar aika imel, wato SMTP, Jon Postel ne ya wallafa ta a Amurka a 1982, lokacin da masu amfani da intanet ba su da yawa. Kowace kwamfuta tana iya ƙwanƙwasa ƙofar wata, ƙofa mai lamba 25, ta miƙa saƙo a karɓa. 'Yan damfara da masu tallan dole suka ɓata wannan yarda. Yau Gmail da Yahoo da Outlook sai sun binciki asalin mai aikowa. Saba a gari irin Sundimina galibi ta layin waya take hawa intanet, kuma adireshin IP da take samu na aro ne: yana sauyawa, mutane da yawa kuma suna tarayya a kansa. Ƙungiyar Spamhaus tana ajiye jerin irin waɗannan adireshi da bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Wasu kamfanonin sadarwa ma toshe ƙofa 25 suke yi.

Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Sara da ke Gwaram ya san maganin. Baƙo ba ya sayar da sa da kansa; dillali ke tsaya masa, domin shi aka sani, shi kuma za a nema idan ta bayyana san na sata ne. Haka ake yi wa saba. Maimakon ta bi kowane mai karɓa gida-gida, sai a umarce ta ta miƙa dukkan saƙonninta ga wata sananniyar saba guda ɗaya, wadda za ta isar da su da mutuncinta. Dillalin na iya zama kamfanin da ke riƙe da shafin intanet ɗinku, ko masu wannan sana'a irin su Amazon SES da Mailgun. Hukumomin Gwamnatin Tarayya kuwa suna da Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006.

Saitin bai da yawa. A manhajar Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998 kuma ta yaɗu a kwamfutocin Linux, ana buɗe fayil ɗin main.cf, a rubuta sunan dillalin a layin relayhost, cikin baka masu kusurwa, a biyo da lambar ƙofa 587. Wannan ƙofa ta waɗanda ke da rajista ce, don haka sai an kunna smtp_sasl_auth_enable, an ajiye suna da kalmar sirri a wani fayil na daban, an bi ta kansa da umarnin postmap, sannan a kulle shi yadda mai kula da sabar kaɗai zai iya karantawa. A kuma tilasta ɓoye saƙo ta TLS, kada kalmar sirrin ta bi hanya tsirara. Bayan an sake tayar da manhajar sai a tura saƙon gwaji, a duba kundin aikinta. Idan dillalin bai samu ba, Postfix kan riƙe saƙon yana sake gwadawa har kwana 5, abin da ke da amfani inda layi ke yawan yankewa.

Akwai matakin da aka fi mantawa da shi. Dole a shelanta a rajistar sunan yankinku cewa kun amince wannan dillali ya yi magana da sunanku. Wannan shi ne SPF. Sai DKIM, wanda tamkar hatimi ne a kan kowane saƙo. Tun Fabrairun 2024 Google ya wajabta aƙalla ɗaya daga cikinsu ga duk mai aikowa, wanda ke tura saƙo 5,000 a rana kuwa sai ya haɗa biyun da DMARC. A kuma tabbata sabar ba ta karɓar saƙon kowa da kowa ta miƙa, in ba haka ba 'yan damfara za su mayar da ita jakarsu, dillalin ya rufe muku asusu.

Wasu kan zaɓi araha su bi ta asusun Gmail na kyauta. Yana aiki, amma iyakarsa saƙo 500 a rana, kuma sai da kalmar sirri ta musamman da ake ƙirƙira wa manhaja. A ganina babban haɗarin ma ba nan yake ba. Sau da yawa matashin da aka ɗauko ya yi saitin kan buɗe asusun da sunansa da lambar wayarsa. Ranar da ya samu aiki a Dutse ko Kano, ko aka saɓa a kan kuɗin aiki, saƙonnin ofis sun tsaya ke nan. Kafin a biya shi, shugaban ofis ko mai kamfani ya tabbata an yi rajistar asusun da sunan ma'aikatar, kuma kalmar sirrin tana cikin takardun miƙa aiki.